Sanyin da Ya Kama Ni a Hanyar Kumasi

Sai da muka ƙetare Kwara a Gaya sannan na yarda a raina cewa jikina ba daidai yake ba. Kafin nan ina ta ba kaina dalili, ko gajiyar girbi ce ba ta sake ni ba, ko fura ce ta yi mini yawa. Amma ranar da muka fito daga ruwa da shanu, rana tsaka, kowa na sharce gumi ni kuwa haƙorana na kaɗawa, na san akwai magana.

Sunana Namata, mutumin wani ƙauye kusa da Ɗan Kassari, cikin Arewa, wato ƙasar Dogon Dutsi. Wannan abu ya faru 'yan shekaru bayan Faransa ta daina kama mutane aikin tilas. A lokacin ina da ƙuruciyata, ina da mata ɗaya, Hajo, da ɗiya a goye. Kawuna Gado, wan innata, shi ne madugun 'yan kora. Dillalan Dogon Dutsi kan sayi shanu su damƙa masa, shi kuma ya nemi samari mu kora su da ƙafa har Kumasi, ƙasar Tonawa, inda Ingilishi ke mulki. Wannan ce tafiyata ta biyu da shi. A ta farko, in sa ya ɓalle ni ake kira, don ba wanda ya kai ni gudu a cikin ayarin.

Daga Gaya zuwa Kandi na fara zama na baya. Ba ciwo nake ji ba, shi ya sa na rasa abin da zan faɗa. Kai ba ya sara, ciki ba ya murɗa, zazzaɓi babu. Nauyi ne kawai, kamar an cika mini ƙafafu da jiƙaƙƙen rairayi. In aka yi mini magana sai ta daɗe tana yawo kafin ta iso ni, kafin in haɗa amsa mai tambaya ya riga ya juya. Cikina ya ɗaure, sai in yi kwanaki ban zaga ba. Abinci ba na ci sosai, amma fuskata sai cika take yi, har samari suka fara tsokanata wai ina da wani ɓoyayyen ƙunshi da nake ci ni kaɗai. Fatata ta bushe ta yi furu-furu, ko na shafa man shanu ba ya zama. Muryata ma ta dushe, in na yi wa shanu tsawa ba sa ko ɗaga kai.

A cikinmu akwai wani Bafillace daga wajen Dogon Kiriya, Jaɓɓo, wanda ya girme ni kaɗan. Shi ne ya fara daina dariya. Ya jiƙa mini tsamiya da kanwa, ya ba ni wasu saiwoyi na tauna. Da muka isa Kandi ya raka ni wurin wani mai magani da aka yi mana kwatance. Mutumin ya dube ni sama da ƙasa, ya ce doguwa ce ta biyo ni daga gindin wata tsamiya da na kwana. Ya turara ni da hayaƙi har na yi ta tari, ya karɓi wuƙata da kubenta a bakin aikinsa. Mun fito ke nan muka ji yana faɗa wa wani mai ciwon ido cewa shi ma doguwa ce ta biyo shi daga gindin tsamiya.

A Jugu ne abin ya fito fili. Da azahar an bar mini gefe guda na garken in tsare, sauran sun shiga gari sayen gari da gishiri. Na zauna a kan kututture na jingina da sandata. Ihun mutane ne ya tashe ni. Shanu sun shiga gonar doya sun tattake kunyoyi, masu gona sun fito da adduna, sun kama wani bijimi sun ɗaure. Kawu ya yi ta ban haƙuri har la'asar, amma bijimin nan bai dawo ba. Da ya juyo kaina bai ɗaga murya ba. A gaban kowa ya ce shi dai ya san ya ɗauko ɗan ƙanwarsa daga gida, bai san inda aka musanya masa shi da rago ba. A Arewa a ce da namiji ɓarawo ya fi sauƙi a kan a ce masa rago. Na ji maganar, na san ya kamata ta ƙona ni, amma ko ɓacin ran ma sai da ya kwana sannan ya zo.

Muka ratsa ƙasar Basari, muka shiga hannun Ingilishi, muka nufi Yandi. A bakin garin akwai shinge inda ake tsayar da duk matafiyi. Shekarun nan ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya yi ɓarna a wannan yanki, don haka ake jera mutane, wani ma'aikaci mai gajeren wando ya bi su ɗaya ɗaya yana lalubar wuyansu ko zai ji kaluluwa. Da ya zo kaina ya daɗe. Ya dubi kumburarriyar fuskata, ya taɓa ɗan maƙoƙon da ke gaban wuyana. Wannan maƙoƙo ban taɓa ɗaukarsa komai ba, don a ƙauyenmu masu shi suna da yawa. Ya tambaya ko ina yawan barci. Kafin in buɗe baki wani daga cikin samarinmu ya ce ai ko a tsaye ma yi nake. Nan take aka fitar da ni daga layi.

Kawu ya je ya yi magana da su, ya dawo ya same ni zaune a gindin shinge.

“Sun ce sai sun bincike ka, kuma ba su san ranar gamawa ba,” in ji shi. “Shanun ga ba nawa ba ne, Namata. Ba ni iya tsai da dukiyar mutane cikin ƙasar tsando don mutum guda.”

Na ce masa na ji.

“In Allah ya tashe ka, ka iske mu Kumasi.”

Bai kalle ni ba sa'ad da yake faɗa. Ya bar mini ɗan guzuri, suka kaɗa shanu. Jaɓɓo ya tsaya a baya kamar yana gyara takalmi, ya kwance sakalarsa ta gashin tumaki, bargon da ba ya rabuwa da shi, ya yafa mini. Ya ce aro ne, in kawo masa Kumasi da hannuna. Sannan ya ruga ya cim ma garke.

Sansanin masu ciwon barci rumfuna ne na ciyawa a bayan gari. Akwai Dagwamba, akwai Mosawa, akwai wasu da ban san irin harshensu ba. Wasu na kwance kamar gawa, wasu sun zauce suna surutai. Aka ɗebi jinina aka duba, ba a ga komai ba. Aka sa ni na dunƙule aka soka mini doguwar allura a gadon baya, aka ɗebi ruwa, nan ma ba a ga komai ba. Suka ce wataƙila ƙwayar ciwon ɓuya ta yi, a jira a sake. Haka na zauna. Da safe in ja sakala in fita rana, in bi ta duk inda ta juya har ta faɗi.

Kusa da tabarmata akwai wani dattijo Bamoshe. Ba ya jin Hausa, ba na jin nasa. In an kawo tuwon dawa ina barci, sai ya karɓi nawa ya rufe da ƙwarya, ya yi ta zungurata da ƙafa har in tashi, ya tsare ni da ido sai na ci. Ban taɓa sanin sunansa ba. Nakan kira shi Baba, shi kuma ya kira ni da wata kalma da daga baya aka gaya mini ma'anarta baƙo.

Na fi wata guda a wurin kafin babban likita, wani Bature dogo mai furfura, ya zo zagaye. Tafintansa Malam Tanko ne, Bahaushen Salaga, mai haɗa magani. Da aka gaya wa likitan cewa an duba ni sau biyu ba a sami komai ba, sai ya tsuguna a gabana. Ya riƙe hannuna yana kallon agogo, ya daɗe. Ya shafa gefen girata inda gashi ya zube. Ya danna ƙaurina da yatsa. Ya sa na durƙusa a kan benci, ya buga mini wata 'yar guduma a agara, yana kallon yadda ƙafata ke komawa a hankali. Ya ba ni ruwa ya ce in haɗiye, yana riƙe da maƙoƙona. Ya tambaye ni tun yaushe nake jin sanyi, ya kuma jira har na gama amsawa, abin da mutane suka daɗe da daina yi.

Malam Tanko ya fassara mini. Ya ce ba ciwon barci gare ni ba. A gindin wuyan kowane mutum akwai wata 'yar tsoka da ke zuba wani ruwa cikin jini, ruwan nan shi ke hura wutar jiki, ya sa ɗumi da kuzari da saurin tunani. Tawa ta gaji, ta kumbura amma ba ta ba da abin da ya isa. Ya ce akwai magani, ƙwaya ce da ake yi da irin wannan tsoka ta wuyan tumaki, a busar a niƙa. Na tambaya kwana nawa zan sha in warke.

“Ba warkewa za ka yi ba,” in ji Malam Tanko. “Abin da jikinka ya daina yi ne za a riƙa ba ka ta baki. Muddin kana sha kana nan kamar kowa. Ran da ka bari, sannu a hankali za ka koma yadda kake yau, ko ka fi haka.”

Na ce har yaushe. Ya ce har ƙarshen rai.

Maganin ba ya cikin akwatinsu, sai da aka aiko da shi daga kudu. 'Yan ƙananan ƙwayoyi ne masu ruwan ƙasa, suna da wani ɗan ƙarni kamar na busasshen nama. Malam Tanko ya fara ba ni rabi kowace safiya kafin in ci komai. Ya ce in aka fara da yawa zuciya ba ta ɗauka. Kwanakin farko ban ji komai ba, har na ce a raina wannan ma mai tsamiya ne. Sai wani lokaci na lura ina ta fita fitsari, kumburin fuskata na saɓewa. Cikina ya saki. Wata rana da hantsi na ji zafi ya dame ni, na ture sakala, na ga gumi a hannuna. Baba Bamoshe ya taɓa goshina, ya yi dariya, ya kira na kusa su zo su gani.

Abin da ban zata ba shi ne kewar gida. Duk zamana a sansanin ban cika tuna kowa ba, don ciwon ya daskarar da wannan ma. Da kaina ya buɗe sai komai ya dawo gaba ɗaya: innata, Hajo, yarinyar da na bari ba ta fara rarrafe ba, ƙanshin fura da nonon gida, har da kukan jakinmu. Maganar Kawu ta Jugu ita ma ta dawo da zafinta. Na koma bayan rumfa na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina ƙarami.

Da aka kai ni ƙwaya ɗaya cikakkiya kuma jikina ya karɓa, sai aka sallame ni. Malam Tanko ya ba ni abin da zai kai ni ɗan lokaci, ya ce a duk arewacin ƙasar ba inda ake ajiye irin wannan, sai babban asibitin Kumasi. Ya roƙi wani direban motar doya ya ɗauke ni. Na yi sallama da Baba da hannu. A kan doya na wuce Salaga, muka hau jirgin fito a Yeji, muka bi ta Atabubu, itatuwa na ƙara tsawo, sama na ƙara matsewa, har Kumasi.

A zango na nemi gidan Maigida Ɗan Ige, mutumin Matankari, wanda 'yan Arewa ke sauka wurinsa. Da ya gan ni sai ya ja da baya. Ya ce su Kawu sun sayar da shanu tuni sun koma gida, kuma abin da suka faɗa shi ne ciwon barci ya kama ni a Yandi, da wuya in tashi. Jaɓɓo kaɗai ya bar saƙo, wai in na zo a gaya mini sakalar ta zama tawa. Sai da na yi wa Maigida bayani sau biyu kafin ya yarda in kwana a zaurensa. Daga baya shi ya samo mini aiki a kwata, ina ɗaukar wa mata masu sayen nama kaya zuwa kasuwa.

A kwatar nan na roƙi wani mahauci ya nuna mini tsokar da ake magana. Ya fede wuyan tunkiya ya ciro ta, 'yar abu ja-ja a manne da maƙogwaro, ba ta kai ɗan yatsa ba. Na riƙe ta a tafin hannu ina mamaki. Mahaucin ya ce su jefa wa karnuka suke yi.

Na yi watanni lafiya lau. Ina zuwa asibiti ana auna bugun hannuna a ba ni ƙwaya. Sai dai zuwa asibiti yini guda ne cur a layi, ranar kuma ba aiki. Da ƙarfi ya dawo mini sai na fara ganin wahalar layin ta fi amfaninsa. A tashar mota akwai wani mai tallar magani da akwatin gilashi, mai daɗin baki, yana jin Hausa. Na nuna masa ƙwayata. Ya juya ta, ya ce yana da irinta, har ma tasa ta fi ƙarfi, daga jirgin ruwa take zuwa kai tsaye. Ya ba ni wasu masu kama da ita a launi da girma. Na lura ba su da ƙarnin nan, ya ce sabon yi ne, Turawa sun cire warin.

Ciwon nan ba ya dawowa da hayaniya, shi ya sa mai shi ba ya ganewa. Na ɗauka damshin Kumasi ne ya sa nake neman sakala. Na ɗauka kayan ne suka ƙara nauyi. Wadda ta gane wata Batoniya ce da nake ɗaukar wa nama kullum, babbar mace, kowa na ce mata Mami. Wata rana na sauke mata kaya na tsaya ina haki, sai ta kama haɓata ta juya fuskata wajen haske. Da 'yar Hausarta ta kasuwa ta ce idona ya kumbura, muryata ta zama ta tsoho. Ta ja wuyan rigarta ta nuna mini tabon yanka. An cire mata maƙoƙo shekarun baya, ita ma ƙwayar take sha. Ta ce in nuna mata tawa. Ta shinshina, ta ɗan gutsura, ta tofar. Ta bar wa ƙanwarta rumfa, ta tasa ni gaba har asibiti, ta zauna tare da ni a layi tana ta yi mini faɗa da harshensu. Mai akwatin gilashi kuwa na koma tasha ban same shi ba, aka ce ya yi gaba.

Da na karɓi ta gaskiya sai na yi wata wautar. Na ce bari in rama abin da ya wuce, na riƙa shan uku uku. Ba a daɗe ba zuciyata ta fara dukan ƙirjina kamar ganga, hannuna na rawa, gumi na zuba, barci ya ƙaura, ciki ya ɓalle. Na faɗi a kasuwa da tiren nama a kai. Likitan da ya gan ni, wani Batone matashi, ya sa aka gaya mini cewa ƙwayar nan awo gare ta. In ta gaza in daskare, in ta yi yawa zuciya ta tsaya. Ya dakatar da ni kwanaki, ya mayar da ni rabi, sannan ɗaya. Tun daga ranar ban ƙara ba, ban rage ba sai da bakin likita. Na kuma koyi duba kaina. In zoben azurfar da ke yatsana ya fara matsewa, ko na ji ina neman rana alhali mutane na neman inuwa, na san abu ya motsa.

Damina guda ta wuce ni a Kumasi. Da rani 'yan kora suka sake zuwa, ban da Kawu, wanda aka ce ya yi wajen Ikko a shekarar. Wani ɗan ƙauyenmu ya gaya mini innata ta ƙi yarda a yi mini sadaka, ta ce sai ta ga wanda ya ga kabarina. Hajo na gidanmu, iyayenta sun zo ɗaukarta ta ce ba yanzu ba. Yarinya har tana gudu. Gonata kuwa rabinta ya koma saura.

Na je na gaya wa likitan ina son komawa gida. Ya tambaya ko akwai asibiti a garinmu. Na ce akwai ɗan ɗakin magani a Dogon Dutsi, tafiyar yini daga ƙauyenmu. Ya ce ba zai iya ba ni na shekaru ba, don ƙwayar in ta daɗe, ko ta sha zafi da damshi, ƙarfinta raguwa yake. Ya ba ni abin da zai fitar da ni damina da kaka har cikin rani, a gwangwani mai murfi. Ya rubuta sunan maganin a takarda don in nuna wa likitocin ɓangaren Faransa. Ya ce in ban samu a can ba, kada in jira sai ta ƙare kafin in kamo hanya. Mami ta naɗe mini gwangwanin da tsumma, ta ba ni turmin atamfa in kai wa Hajo.

A Dogon Dutsi na fara tsayawa ɗakin magani. Anfirmiyen, wato ma'aikacin jinyar wurin, ɗan Dahome ne, mai kirki. Ya karanta takardar, ya buɗe wani littafi ya duba, ya ce ya san maganin a karatu amma bai taɓa riƙe shi a hannu ba. Ko a Yamai, in ji shi, ba kullum ake samu ba. Zai rubuta ya tambaya, amma kada in dogara da shi.

Isata gida ba a yi guɗa ba. Mutane suka tsaya daga nesa suna yi mini barka, don an ce ciwon barci na yaɗuwa. Innata ce ta fito ta kama ni, ta shafa fuskata da hannu biyu. Kwanakin farko ƙwaryata daban aka ware mini a wurin cin tuwo na maza. Ban yi gardama ba. Hajo ta zauna na yi mata bayani tun daga Gaya har Kumasi. Ta karɓi gwangwanin ta sa a cikin wata sabuwar tukunya, ta rufe da faifai, ta ajiye a ɗakin da ya fi sanyi. Kowace safiya kafin ta dama fura ita ke buɗewa ta miƙo mini guda. Yarinyar ta yi kwanaki tana ɓuya a bayan zanen uwarta kafin ta yarda in ɗauke ta.

Ruwa ya sauka, muka yi shuka, na shiga noma. Ban fi kowa ba, ba a kuma bar ni a baya ba. Kafin a gama noman fari an daina ware mini ƙwarya. Bayan girbi na je Dutsi sau biyu. Anfirmiye ya ce Yamai ba su amsa ba. Hajo ta girgiza gwangwani, muka ji yadda ƙararsa ta sauya.

Kawu ya dawo tun farkon damina, amma gaisuwa kawai muke yi a masallaci. Wata rana da la'asar ina gyaran rumbu sai ga shi. Ya zauna a kan turmi, ya yi tambayar gero, ya yi tambayar yarinya. Can ya ce dillalai sun fara tara shanu, kuma yana neman mutane.

“Na san abin da na hwaɗi a Jugu,” ya ce, yana kallon ƙasa. “Ban san ciwo ba ne. Na Yandi kuwa, ko yau aka sake, haka zan yi. Ba ni yi maka ƙarya.”

Na ce na sani.

“To, kana tahiya?”

Na so in ce a'a. Na shirya wannan a'a tun ina kwance a rumfar Yandi, na maimaita ta a kwatar Kumasi. Amma ba wani madugu da zai ɗauki mutumin da aka ce ya yi ciwon barci, kuɗin mota har Kumasi kuma ba na manomi ba ne. Abin da ya rage a tukunyar Hajo zai kai ni can in na tashi da su, ba zai kai ni wata damina ba.

Na ce zan tafi, amma ya sani ba don shanu ba ne. In mun isa ranar asibiti tawa ce, ba mai aikena ko'ina.

Ya ce ya ji. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya ce in zo da sandata ranar kasuwar Dutsi.

Haka na yi ta bin hanyar nan kowane rani, shekara da shekaru, har bayan Turawa sun tafi aka fara samun maganin a Yamai. Sauran 'yan kora kan dawo da goro da atamfa da akwatin ƙarfe. Ni in na shigo gida, Hajo ba ta tambayar tsaraba sai ta karɓi gwangwani ta buɗe, ta shinshina, ta mayar da murfi. Sannan ta ce mini sannu da hanya.